Lesin ɗin fiziks na Kabuga, ga abin da na gani

Masu tambayata kan lesin ɗin nan da ake yi Asabar da Lahadi a Kabuga, sati shida kenan ina zuwa, bari in faɗa muku yadda yake. Ni kwantom Hall ne ya kai ni, wato darasin yadda ilektoron, ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, ke tafiya a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, na karanta handawut sau uku wallahi hadda kawai nake yi ban san me nake haddacewa ba.

Malamin bai fara da lissafi ba. Cewa ya yi mu ɗauka an matse ilektoron a wata siririyar shimfiɗa, ba sama ba ƙasa sai gaba da gefe, an sanyaya wajen har digiri 1 ko 2 na Kelvin, wato dab da ƙarshen sanyin da zai yiwu, sannan an sakar musu maganaɗisu mai ƙarfin tesla goma sha wani abu (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). To sai su kama zagaye a waje ɗaya, kuma ƙarfinsu ba ya zama yadda aka ga dama sai hawa-hawa, matakan Landau kenan, ya ce kamar sahun sallah ne sai na gaba ya cika ake tada na baya. Anan kaina ya buɗe. Waɗanda ke bakin shimfiɗar kuma ba sa iya ƙarasa zagayen, sai su dinga tsalle suna bin gefe hanya ɗaya ba komawa baya, shi ya sa dattin da ke cikin abin ba ya ɓata awon, rizistans ɗin, wato turjiyar da abin ke yi wa wuta wadda ake aunawa da ohm, ya tsaya cak a 25,812.807 ohm a raba da 1 ko 2 ko 3. Wannan shi ne kwantom Hall ɗin, masanin fiziks Von Klitzing ne ya gano shi a Grenoble ta Faransa a 1980, ya karɓi Nobel a 1985, kuma yau da shi ake daidaita ma'aunin ohm a duniya. Wannan darasin kaɗai ya biya min kuɗina.

Inda bai kyauta mana ba shi ne ɓangaren ɓarɓashi, wato inda lambar da ake rabawa da ita ba cikakkiya ba ce kamar 1 ko 2 ko 3, wanda masana Tsui da Störmer suka gani a 1982, Laughlin ya yi bayaninsa da cajin kashi ɗaya cikin uku na ilektoron. Abin da ya kai su ukun ga Nobel a 1998, minti ashirin ya ba shi, na ɗaga hannu na ce Malam a maimaita ya ce lokaci ya tafi. Abin ya min ciwo gaskiya.

Ɗakin akwai zafi in an ɗauke wuta, allon kuma ƙarami ne, in za ka zo ka zo da wuri ka kama bencin gaba.