Kafin mai gyara ya yi wa kwamfutarka fomat, ina za ka zuba imel ɗinka?

Tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025 mutane ke ta ɗaukar laftof zuwa Beirut Road da Farm Centre a sa musu 11, kuma yawanci abin da ake kwashe maka Desktop ne da Documents, sauran a goge. To imel fa? In Gmail kake buɗewa a burauza ba ka da matsala, yana can wurinsu. Amma in Outlook ne ko Thunderbird, musamman akawun ɗin ofis irin na POP, wato wanda ke sauko da saƙonni cikin kwamfuta, saƙonnin a cikin kwamfutar suke zaune, ta yiwu ma an daɗe da share su daga saba, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe maka imel.

A Outlook ka shiga File, Open & Export, Import/Export, ka fitar da komai a fayil ɗin .pst, kar ka yarda da kwafe .ost, wato kwafin saƙonnin da Outlook ke ajiye wa kansa, don Outlook ɗin da za a sa maka bayan fomat ba zai buɗe maka shi ba. Thunderbird kuma ka rufe shi tukuna, ka kwafe foldarsa gaba ɗaya daga AppData, wadda a ɓoye take shi ya sa ake mantawa da ita.

Sai maganar inda za a zuba. Ni dai had dis na waje nake ba kowa shawara, Seagate ko WD ko Toshiba, ko mai giga 500 ne ya ishe ka har da hotunan biki da takardun makaranta. Ba ruwanka da data, ba ruwanka da netwok ya ɗauke ana tsaka da aiki, ka jona ka kwafe, sannan ka je wata kwamfutar ka buɗe fayil ɗin ka ga saƙonninka da idonka kafin ka ce wa mai gyara bismillah. Aibinsa ɗaya, ba ya son faɗuwa, kar a jefa shi a but ɗin mashin haka kawai.

Google Drive giga 15 ne kyauta kuma da Gmail da hotunanka suke rabawa, sannan lodin babban fayil zai cinye maka data. Ya yi a matsayin na biyu. Masu cewa a tura a D kuwa, wato ɗaya ɓangaren ma'ajiyar kwamfutar, yawanci kan dis ɗaya ne fa da wanda za a goge, hannu ya kuskure sau ɗaya shi ke nan.

Filash shi ne wanda na fi jin tsoro wallahi. Da yawa a tsarin ajiya na FAT32 suke zuwa, ba sa karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, sai an mayar da su exFAT. Wannan ma mai sauƙi ne, jabu shi ne bala'in. An taɓa sayar min da wani a wani shago, an rubuta 64 a jiki, kwamfuta ma 64 ta nuna, ya karɓi .pst ɗina lafiya lau har da nuna ya gama, bayan fomat na zo buɗewa Outlook ya ce fayil ya lalace. Ashe cikinsa bai kai haka ba, da ya cika sai ya riƙa rubutu a kan na baya, rasit-rasit da wasiƙun kwastomomi duk suka tafi. Kwali mai kyalli da sunan SanDisk ba hujja ba ne, shi ma bugawa ake. In kuɗin ya yi araha da yawa ka ajiye musu kayansu.

Had dis ɗin ma bai tsira ba, akwai wanda in an fasa sai a tarar ɗan filash ne a ciki an manna masa ƙarfe don ya yi nauyi, akwai kuma tsohon dis na tokumbo da aka sa wa sabon gida. Ka je da laftof ɗinka shagon, akwai manhajojin gwaji guda biyu, CrystalDiskInfo zai nuna maka awa nawa dis ɗin ya yi yana aiki, H2testw kuma zai cika shi ya karanta ya faɗa maka ainihin girmansa, yana ɗaukar lokaci sosai don haka ku yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa in ya faɗi gwajin za ka dawo masa da shi, ya rubuta maka a rasit.