Ajin tattalin arziki na WhatsApp: darasin haraji ne ya ɓata tafiyar

Ajin nan na mako shida da ake yi ta WhatsApp, wanda ake ɗauko labarin da ke tashe a Najeriya a koyar da tattalin arziki da shi, na bi shi har ƙarshe. Zuwa mako na huɗu ba ni da abin cewa sai sambarka. Saƙon murya ne na kamar minti 20 sau biyu a mako, da hoton allon da malam ya yi lissafi a kai, ba ya cin data.

Darasin hauhawar farashi kaɗai ya biya kuɗin rajista. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce kashi 34.80 cikin ɗari a Disamban 2024, a Janairun 2025 sai ga 24.48. Malam ya warware shi tsaf: kaya ba su yi sauƙi ba, ma'auni aka sauya, shekarar da ake gwadawa da ita ta tashi daga 2009 ta koma 2024, aka kuma sake nauyin kayan da ke cikin kwandon lissafi. Ko lambar ta sauka da gaske ma, farashi na ci gaba da hawa, gudunsa ne ya ragu. Haka ya yi da adashe a darasin halayyar mutum kan kuɗi, cewa mutum na ɗaure kansa da gangan domin ya san kuɗin da ke aljihu ba ya kwana. Wannan ya yi kyau ƙwarai.

Sai mako na biyar, darasin sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A nan raina ya ɓaci. Malam ya ce duk wanda samunsa ya haura naira 800,000 a shekara zai biya kashi 15 na albashinsa gaba ɗaya. Ya ba da misalin mai ɗaukar 150,000 a wata, wato miliyan 1.8 a shekara, ya rubuta a allo cewa harajinsa 270,000 ne, 22,500 duk wata. Wannan kuskure ne babba.

Harajin hawa-hawa yake. Naira 800,000 na farko ba a taɓa su ko kwabo, komai girman albashin mutum. Miliyan 2.2 da ke biye su ne ake cire wa kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka har a kai kashi 25 kan abin da ya haura miliyan 50. Kafin a kai nan ma sai an ware kuɗin fansho da rangwamen haya, wanda shi ne kashi 20 na hayar shekara, amma ba zai wuce 500,000 ba. A ɗauki mutumin nan na malam. In kashi 8 na fansho ya hau albashinsa duka, 144,000 ke nan. Yana biyan hayar 300,000, rangwamensa 60,000. Saura 1,596,000. A cire 800,000, saura 796,000. Kashi 15 na wannan shi ne 119,400 a shekara, 9,950 a wata. Lissafin allo ya ninka gaskiya fiye da sau biyu.

Illar ta fi fitowa ga ƙaramin ma'aikaci. Wanda samunsa bayan cire-cire ya tashi daga 790,000 zuwa 810,000, harajinsa 1,500 ne kacal, a kan 10,000 ɗin da suka haura. A lissafin malam 121,500 ne. Mai sauraro zai iya fita da tunanin cewa ƙarin albashi asara ne, alhali ba haka ba ne ko kaɗan.

Kuskure kowa na yi, ban riƙe shi da wannan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zauren a kulle yake, masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu. Na tura gyara ta lambar tambayoyi da lissafin nan daki-daki, aka ce an miƙa wa malam. Mako na shida ya zo ya wuce, ba a goge saƙon ba, ba a yi sabo ba, kuma saƙon murya abu ne da ake turawa gaba da yatsa ɗaya. Da na koma na sake sauraron darasin mafi ƙarancin albashi, shi ma ashe da saura: an faɗi tashinsa daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma ba a auna shi da farashin mai ko na mudun shinkafa ba, wanda shi ne ainihin darasin.

Da farko niyyata in ce kowa ya shiga. Yanzu sai dai in ce makonni huɗun farko sun cancanci kuɗinsu, amma ma'aikacin da haraji ne ya kawo shi ya tambaya kafin ya biya ko an sake naɗar darasi na biyar.