Rumfar da Aka Turo Ba Ita Aka Biya Ba: Dattawan Kasuwa ko Hukuma?

Ɗan'uwanmu na Ƙofar Ƙaura ya kawo tambaya jiya. Ya ga hoton kanofi a WhatsApp wajen wani ɗan kasuwa a Kano, ya tura kuɗi don ya riƙa ba da haya a gidajen biki. Da direba ya sauke kaya a tasha, sai ya tarar faɗin bai kai wanda aka yi ciniki ba, ƙarafunan sirara, tampol ɗin ma shuɗi maimakon fari. Mai kaya ya ce abin da aka saya ba a mayarwa. Yana tambaya ko ya bi ta dattawan kasuwa ne ko ya kai ƙara hukuma.

Malam, kafin komai, kada ka kafa rumfar nan a bikin kowa. Ko sau ɗaya.

Ta fuskar addini hakkinka a fili yake. A mazhabar Malikiyya an yarda a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma idan ya zo saɓanin siffar, zaɓi yana hannun mai saye, ko ya karɓa ko ya mayar. Sai dai malamai sun ce wanda ya ga aibi kuma ya ci gaba da amfani da kaya, ya nuna ya yarda ke nan. Amfanin wannan hanyar shi ne sauri. Ka samu wani dattijo da mai kayan ke jin nauyinsa, ko shugaban ƙungiyar layinsu, a zauna a yi sulhu cikin yini ɗaya, abin da za ka kashe kuɗin motar Kano ne kawai. Ɗan kasuwa yana tsoron zubewar mutunci a gaban abokan sana'arsa fiye da takarda. Rauninta kuwa, sulhu yakan ƙare da "kowa ya yi haƙuri", a rage maka wani abu ka koma da rumfar da ba za ta jure iskar farkon damina ba. In kuma mai kayan ba shi da shago, lambar waya kawai gare shi, babu dattijon da zai kamo shi.

Hanyar hukuma ta tsaya ne kan dokar kare hakkin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa FCCPC, wato hukumar tarayya mai kare hakkin masu saye. Dokar ta ce kayan da aka saya bisa siffa ko samfur dole su yi daidai da shi, kuma wanda bai samu damar dubawa kafin a kawo masa ba yana iya ƙin karɓa cikin lokacin da ya dace, a mayar masa da kuɗinsa. Idan rashin inganci ne, akwai wata uku na mayarwa. Rubuta "ba a mayarwa" a rasit ba ya soke wannan hakki. Ana shigar da koke ta intanet, amma fa sai da hujja da juriya, ba abin kwana biyu ba ne.

Ni da ni ne, da kasuwa zan fara, ina riƙe da dokar a hannu. Ka tura wa mai kayan saƙo a rubuce yau, ba kiran waya ba: ga abin da muka yi ciniki, ga abin da ya zo, na ƙi karɓa, ka canza ko ka dawo da kuɗina nan da mako guda. In ya yi biris da dattawa, sai FCCPC ko gaban alkali.

Ka adana hirarku da hoton da ya turo da shaidar tura kuɗi daga banki. Ka shimfiɗa tampol ɗin, ka auna shi da tef a gaban shaidu biyu kana ɗaukar bidiyo, sannan ka naɗe ka ajiye inda ruwa ba zai taɓa shi ba.