Na'urar gargaɗin hayaƙi da ta kabon monoksaid: bambancinsu da wadda za a fara saya

Hajiya, kin tambaya ko na'urar gargaɗin hayaƙin da kika maƙala a falo ta wadatar, ganin cewa kuna kunna janareta da dare, kuma Inna tana shigar da kaskon garwashi ɗaki idan hunturu ya kankama. Ba ta wadatar ba, domin abin da kowace na'ura take tsaro daban ne.

Na'urar hayaƙi aikinta gano gobara tun tana ƙarama, kuma iri biyu ce. Mai aiki da haske takan yi ƙara idan hayaƙi ya shiga cikinta ya karkatar da hasken, ita ce ta fi saurin gano wutar da ke ci a ɓoye, kamar katifar soso ko wayar lantarki da ta ɗau zafi. Ɗayar kuwa ta fi saurin gano wuta mai harshe. Na'urar kabon monoksaid ba ruwanta da hayaƙin da ido ke gani, tana auna wata iska ce marar launi, marar wari, wadda gawayi da fetur da kananzir da gas suke fitarwa idan ba su ƙone sosai ba.

Wannan iska ita ce ta fi tayar mini da hankali. Hayaƙi yakan sa tari, ya sa ido ruwa, amma ita tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 ko fiye, sai mutum ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, alamomin da mu nan muke saurin jingina wa zazzaɓin cizon sauro. Wanda yake barci ba zai ji komai ba. Garwashin da ya yi jawur ya daina hayaƙi, wanda tsofaffinmu suke ganin ya zama lafiyayye, bai daina fitar da ita ba, kuma na'urar falonki ba za ta ce uffan ba.

Wurin maƙala su ma ya bambanta. Hayaƙi sama yake tashi, shi ya sa ake sa na'urarsa a silin, nesa da murhu da aƙalla mita 3. Ki kuma sani cewa turaren wuta da ƙurar hunturu suna iya sa ta yi ƙara ba gaira ba dalili, don haka a riƙa kakkaɓe ta, kada a cire mata batir don a huta. Kabon monoksaid kuwa cakuɗuwa take yi da iskar ɗaki, sai a sa tata a bango kusa da inda ake kwana. Ta hayaƙi ana sauya ta bayan shekara 10, ta kabon monoksaid yawanci bayan shekara 5 zuwa 7, kowace kuma a danna maɓallin gwajinta sau ɗaya a wata. Wajen saye, a duba lambar inganci ta Turai a jikin kwali: EN 14604 ga ta hayaƙi, EN 50291 ga ta kabon monoksaid.

A gida irin naku, ina ganin na'urar kabon monoksaid ce abin saye na gaba, kuma ɗakin Inna za a fara sa wa. Akwai mai haɗe da ayyukan biyu, tana da kyau a barandar da ke tsakanin ɗakunan kwana. Amma kafin kuɗin su samu, tun daga daren yau, a mayar da janareta fili, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6, a kuma fitar da kaskon waje kafin Inna ta kwanta, a ƙara mata bargo.