Ziyarar tsofaffin majami'un ƙauyukan Maraɗi: bitar tafiyar Asabar da Lahadi

Wasu matasa daga majami'u daban-daban na birnin Maraɗi sun fara shirya tafiyar Asabar da Lahadi bayan an gama kaka, inda suke ɗaukar mota su kai mutane su ga tsofaffin majami'u da ƙananan ɗakunan sujada na ƙauyukan da ke kewaye da birnin, bayan sun roƙi dattawan kowace ikilisiya su buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo, Kirista ne ko Musulmi. Kuɗin kujera jika biyar ne na sefa, kuma a ciki har da abincin rana na Asabar da ladan ɗan jagora mai bayani. Na bi su a wannan karo, kuma hukuncina shi ne tafiyar ta ci kuɗinta, sai dai masu shirya ta ba su gane abin da ya fi daraja a cikin hajarsu ba tukuna.

Shugaban tafiyar bai ɓoye inda ya samo dabarar ba. A Faransa, tun 1984 hukumar al'adu ta ƙasar ke ware lokaci a watan Satumba domin a buɗe wa jama'a tsofaffin gine-gine, ciki har da majami'un ƙauye waɗanda a sauran ranaku suke a kulle, kuma ƙasashen Turai da dama sun bi sahu. A can ginin shi ne abin kallo, domin na dutse ne, ya shekara ɗaruruwa, ga tagogin gilashi masu launi, ga kaburburan mutanen da aka manta da zuriyarsu. A ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir kuwa lamarin ba haka yake ba. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent suka kafa a 1893, ba ta shigo Nijar ba sai 1924, lokacin da ta buɗe tasha a Damagaram, sa'an nan ta iso Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920. Saboda haka babu majami'ar da ta wuce shekara ɗari a wannan yanki, kuma yawancin na farkon na ƙasa ne, wanda kowa ya san ba ya jure damina idan aka daina yi masa yaɓe. Wanda ya biya kuɗinsa da niyyar ganin gini mai ban mamaki zai koma gida da ƙorafi. Abin da ƙauyukanmu suke da shi, wanda Turai ta riga ta rasa, shi ne tsofaffin da suka ga lokacin da aka buga tubalin farko, ko kuma suka ji labarin daga bakin iyayensu.

An ce mota za ta tashi da ƙarfe bakwai, amma ba ta motsa ba sai da rana ta fara zafi, domin direban ya tafi neman mai bayan fasinjoji sun riga sun zauna. Motar kanta ƴar Hiace ce mai tsafta, ba a cusa mutane fiye da kujerunta ba, kuma wannan abin yabo ne ga duk wanda ya saba da tashoshinmu. Zangon farko a cikin birni aka yi shi, a babbar majami'ar Katolika, wadda ita ce kujerar bishop tun da aka kafa dayosis ta Maraɗi, wato yankin da bishop ke kula da shi, a 2001 aka naɗa Ambroise Ouédraogo ya shugabance ta. Dayosis ɗin ta haɗa jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Difa. An karɓe mu da mutunci, amma ɗan jagoranmu ya tsayar da mu kusan awa guda yana karanto bayani daga takarda da Faransanci sa'an nan yana mayarwa da Hausa, alhali wuri ne da kowane mazaunin birni zai iya zuwa da kabu-kabu duk ranar da ya ga dama. Lokacin da aka ɓata a nan shi ne aka rasa da yamma a inda ake bukatarsa.

A Tsibiri ma takardar ce ta yi mana jagora. Matashin yana da ladabi da murya mai kyau, ya kuma faɗi shekarun daidai, ya ambaci makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da mishan suka buɗe a garin, wadda ta horar da masu bishara da suka bazu cikin ƙauyuka. Amma bai haɗa labarin da garin da muke tsaye a cikinsa ba. Tsibiri gari ne da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, gari mai fada da sarauta da tsofaffin al'adu, kuma tambayar da kowane mai hankali zai yi ita ce yadda baƙi masu sabon addini suka zauna da fada da malamai da talakawa. Haka nan bai taɓo zaman doya da manja da aka yi tsakanin ƴan mishan da hukumar mulkin mallaka ba, wadda ba ta saki jiki da Turawan da ke jin Ingilishi suna koyarwa da Hausa maimakon Faransanci ba. Wannan tarihin ne ya sa har yau sujada a waɗannan majami'u da Hausa ake yin ta, da littattafan da asalinsu daga Najeriya suka ƙetaro. Da wani dattijo a cikin fasinjoji ya yi tambaya a kan haka, sai ɗan jagoran ya duba takardarsa ya ce zai bincika.

Tafiyar ba ta fara biyan kuɗinta ba sai da muka sauka daga kan kwalta muka bi hanyar rairayi zuwa wani ƙaramin ƙauye, inda aka ce masu sujada ba su wuce gidaje kaɗan ba. Ɗakin sujadar soro ne na tubali, an yi masa rufin azara da bakan gizo guda a tsakiya, irin ginin da magina suke yi wa zauren mai gari, kuma ba domin ƙaramin gicciyen katako da ke bisa ƙofa ba, da mai wucewa ba zai bambanta shi da sauran gidajen ba. A ciki babu benci, sai dakali na ƙasa a jere waɗanda zama ya goge har suna sheƙi, na maza a dama, na mata a hagu. Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen dogon yaro, ana buga shi da guntun rodi. A bango ta gabas ana ganin tabon inda ruwa ya ɓarke wata damina da indararo ya toshe, da kuma sabon yaɓen da aka yi a kai da hannu.

Wanda ya buɗe mana ƙofa tsoho ne da cutar kuturta ta taɓa yatsunsa tun yana saurayi, ya warke, ya dawo garinsu. Ɗan jagora ya fara karatunsa, sai wata malamar makaranta daga cikinmu ta katse shi cikin ladabi ta juya ga tsohon ta ce, "Baba, wa ya ɗora wannan azara?" Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ƴata, maginin Musulmi ne, maƙwabcin mahaifina, kuma da aka gama ya ƙi karɓar ladan rufi, ya ce na bango ya ishe shi." Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya nuna mana azarar da aka sauya da wadda take ta asali, ya faɗi daga wane fadama aka saro giginyar, ya ba da labarin shekarar da yunwa ta watsa rabin masu sujada zuwa kudu. Sa'an nan ya shiga ɗaka ya fito da akwatin ƙarfe, ya ciro littafin rajistar baftisma da aure wanda gara ta cinye gefensa, rubuce da Hausar boko da tawada mai shuɗi, tare da wani tsohon Littafi Mai Tsarki da ya ce na mahaifinsa ne. Fassarar Hausa cikakkiya ta fara fitowa a 1932, kuma ko da wannan kwafin ba na bugun farko ba ne, Hausar da ke cikinsa ta tsofaffi ce. Yana juya shafukan da gefen tafin hannunsa, a hankali, ba tare da ya yarda wani ya taya shi ba. Muna cikin wannan ne direba ya fara danna oda, domin akwai sauran wurare a jadawali.

A nan ne babban kuskuren masu shirya tafiyar yake. Sun yi kama da mai sayar da fura da ke tallar ƙwarya. Sun cika jadawalinsu da wurare domin a ce an ga da yawa, har aka kai mu majami'u biyu na bulo da kwano waɗanda aka gina a kan gurbin tsofaffin da aka rushe, inda babu abin gani sai fenti da lasifika. Ba na zargin ikilisiyoyin da suka rushe na ƙasa suka yi na siminti, domin wanda yake kwashe ruwa daga ɗakin sujada kowace Agusta shi ya san wahalarsa, kuma masallatanmu ma hanyar da suka bi ke nan. Amma tun da sauran na ƙasar kaɗan ne, kuma masu labarinsu suna ƙarewa, kamata ya yi a rage zango a ƙara zama.

Abincin rana matan zumunta na wani ƙauye ne suka dafa, dambu da zogale da fura mai sanyi a sabuwar ƙwarya, kuma ya wadatar. Sun yi mana waƙa guda da tulu da caki kafin mu tashi, ba domin an sa su ba. Ruwan sha ne ya yi ƙaranci a mota, abin da bai kamata ya faru ba a tafiyar da aka san za a wuni a daji. A gefe guda kuma dole in yaba yadda aka kula da mu Musulmin da ke cikin tafiyar, domin da azahar ta yi, tun kafin wani ya tambaya aka tsayar da mota, wani dattijon ikilisiya ya kawo buta da tabarma ya nuna mana alƙibla. Babu wanda ya yi wa wani wa'azi a duk tsawon tafiyar, kuma shugaban ya faɗi tun a tasha cewa ziyara ce ta tarihi da zumunci.

Da la'asar muka nufi Danja, kudu da birni a kan hanyar Ɗan Isa, inda SIM ta buɗe wurin jinyar masu cutar kuturta a 1956, bayan asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, kuma a 2012 aka ƙara cibiyar kula da mata masu yoyon fitsari. An yi daidai da ba a shigar da mu ɓangaren marasa lafiya ba, domin asibiti ba wurin kallo ba ne. A nan ɗan jagoran ya ajiye takarda, wataƙila saboda kakarsa ta taɓa jinya a wurin kamar yadda ya gaya mana, kuma bayaninsa ya fi na ko'ina daɗi. A hanyar dawowa ya nuna mana gonaki cike da gawo da kalgo da sabara ya danganta su da sassaben zamani, dabarar barin kututture ya tofo a gyara rassansa maimakon a tumɓuke shi, wadda Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da SIM a Maraɗi, ya yaɗa tare da manoma tun daga 1983. Wannan ya nuna cewa matashin ya san abubuwa da yawa, takardar ce take ɗaure masa harshe.

Ranar Lahadi ita ce mafi rauni a shirin, kuma dalilin a bayyane yake. A Turai ana buɗe majami'un da masu sujadarsu suka ragu, a nan kuwa Lahadi da safe ɗakunan cike suke, dattawan da za su ba da labari suna cikin hidima. Mun isa wani ƙauye ana tsakiyar sujada, aka rasa yadda za a yi da mu, wasu suka shiga suka zauna a baya, wasu suka tsaya a inuwa suna jira. Wasu matasa daga cikin fasinjoji suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoton mutane suna addu'a, kuma ba a hana su ba sai da fasto ya aiko yaro ya roƙa a bari. Laifin na masu shiryawa ne, domin ƙa'idar hoto abu ne da ake faɗa kafin a sauka daga mota. Da sun fara ranar Lahadi bayan azahar, ko su mayar da tafiyar wuni guda cikakke na Asabar su rage kuɗin, da ya fi.

Malaman tarihi da ɗalibansu, da magina masu son ganin aikin azara na da, da ƴaƴan waɗannan ƙauyuka da suka tashi a birni, su ne za su fi amfana da wannan tafiya. Wanda zai je ya riƙe ruwansa, ya sa takalmin da zai iya taka rairayi, ya kuma tanadi ɗan abin da zai sa a hannun tsohon da ya buɗe masa ƙofa, domin na tambaya an tabbatar mini cewa babu kason waɗannan dattawa a cikin jika biyar ɗin. Na shaida wa shugaban tafiyar cewa wannan ya kamata a gyara kafin karo na gaba, na kuma ba shi shawarar ya nemi izinin ikilisiyoyin a ɗauki hoton littattafan rajistar shafi bayan shafi, a bar wa kowane ƙauye kwafinsa, tun da waya mai kyamara ba ta fi ƙarfin ko ɗaya daga cikin matasan ba.