Adaftan bututu ko na mannawa, wanne ya fi a ƙaramar kyamara?

Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ita ce kana da ƙaramar kyamara irin ta aljihu, kana so ka sa mata filta kafin hawan sallah, ka ga adafta iri biyu, na bututu da na mannawa, sannan wani mai shago a titin Beirut na Kano ya nuna maka ƙarin lens mai 0.45x, wato mai faɗaɗa abin da hoto ke ɗauka. Toh da ka faɗi sunan kyamarar da amsar ta fi sauƙi, don yawanci ita ce za ta zaɓa maka ba kai ba.

Galibin ƙananan kyamarorin nan ba su da wajen murɗa filta a bakin lens, shi ya sa ake neman adafta. Na bututu a jikin kyamara yake zama, ka cire zoben nan da ke zagaye da lens ka ɗaura shi, lens ɗin yana shiga da fita a cikinsa ba abin da ya taɓa shi. Canon G10, G11 da G12 haka suke, filta mai 58mm suke ɗauka. Ricoh GR III ma tana da nata mai suna GA-1, 49mm. Amfaninsa duk nauyi yana kan jikin kyamara, kuma yana ɗan kare lens daga bugu, kaga a cikin turmutsutsun Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalarsa kyamara ta daina shiga aljihu, sai dai jaka, sannan wani lokacin yana tare hasken filasha ka ga inuwa a ƙasan hoto.

Na mannawa kuma zobe ne siriri da ake liƙa shi da gam a bakin lens ɗin kansa, wani na murɗawa wani na mayen ƙarfe, shi ake sa wa Sony RX100 da Canon G7 X tunda su ba su da wajen ɗaura bututu. Sony ma da kanta ta yi wa RX100 na farko-farko irinsa mai 49mm. Ba nauyi, ka ɓalle filta kyamara ta koma aljihu. Amma fa duk abin da ka ɗora ɗan injin da ke turo lens ne zai ɗauka, filta ɗaya ba komai, ka kuskura ka rataya masa ƙaton gilashi wataran ka kunna ya ƙi fitowa, gyaran kuwa ba arha ba. Kuma kar ka bar ta a mota a zafin Afrilu, gam baya shiri da rana irin tamu.

Maganar 0.45x ɗin nan ni dai a ganina ka riƙe kuɗinka. Tsakiyar hoto zai fito, gefe kuwa dishi-dishi, ga baƙi a kusurwa huɗu, gini a miƙe ya koma a lanƙwashe. In dole sai ka ƙara lens to na kamfanin kyamarar, kamar 1.4x na Canon mai kusanto da abu na nesa, da ke kai G12 daga 140mm zuwa 196mm, kuma kan bututu kawai.

Filta su ne suka cancanci wahalar. CPL shi ne wanda ba manhajar da za ta yi maka aikinsa bayan an ɗauka, yana kashe ƙyallin ruwa da gilashi da maiƙon goshi, ka je marinar Ƙofar Mata ka juya shi a hankali za ka ga shuɗin baba ya fito sosai. Sai dai yana cin fiye da rabin haske, da magariba cire shi, kuma a wajen biki ka lura don yana iya rage sheƙin shadda, wanda ya kashe kuɗi a shaddarsa ba zai gode maka ba. ND kuma, filta mai rage hasken da ke shiga lens, na masu bidiyo ne da rana tsaka, ND8 yana rage haske zuwa kashi 1 cikin 8. Amma duba cikin saitin kyamararka tukuna, G7 X da G12 da RX100 III zuwa V duk da ND a cikinsu suka zo, RX100 I, II, VI da VII ne babu. UV ba ya ƙara wa hoto komai, kariya ce kawai daga ƙurar hunturu, hazon kansa kuwa ba filtan da zai share shi.

In kyamararka tana karɓar bututu ɗauki bututu, in bata karɓa sa na mannawa da CPL ɗaya siriri, kar ka jera biyu don kusurwa za ta yi baƙi. Turo mana lambar da ke rubuce a jikinta dan Allah sai mu gaya maka girman da zai hau.