Istirahohin haya na Shafa: abin da kuɗinku zai saya a kan dutse

Shafa ƙaramin gari ne a kan duwatsun Sarawat, kimanin kilomita 25 kudu maso yamma da Ɗa'ifa, kuma tsayinsa ya haura mita 2,000 daga saman teku. Makka ba ta kai mita 300 ba. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000, don haka ranar da Makka ta wuce digiri 43, Shafa tana kusa da 30, da dare kuma sai an nemi bargo. Wannan sanyin ne masu istiraha, wato gidan hutu na haya, suke sayar wa iyalai daga Makka da Jidda, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa, matuƙar kun san abin da za ku duba kafin ku ba da arbun, wato kafin alƙalami.

Yawancin istirahohin fasalinsu ɗaya: katanga mai tsayi, majalisi (falon zama) ɗaya ko biyu, ɗakunan kwana, kicin, da tsakar gida mai wurin gashin nama. Katangar ce babbar ribarsu, domin mata da yara su sake ba tare da idon baƙo ba. Ana samunsu a manhajoji irin su Gathern, ko ta lambobin da ke rubuce a jikin ƙofofi. Farashi yana tashi daren Alhamis da na Juma'a da lokacin hutun makarantu. Wanda ya iya zuwa tsakiyar mako zai samu rangwame da sarari.

Inda ake yawan cin karo shi ne ruwa. Gidaje da dama ba su dogara da famfon gari ba, wayit, wato tankar ruwa, ne ke cika musu tanki. Iyali mai mutum goma yana iya ƙarar da ƙaramin tanki a yini ɗaya tsakanin alwala, wanka da wanke-wanke. Ku tambayi mai gida girman tankin, da wanda zai biya idan an kira wayit. Da kun shiga, ku buɗe famfon ruwan zafi ku jira minti biyu. Idan bai ɗumama ba, a gyara tun rana, don alwalar asuba da ruwan tankin da ya kwana a kan rufi tana wahalar da tsofaffi sosai. Ku ƙirga barguna da idonku. Hoton manhaja yana nuna muku kwari da itatuwan ar'ar, ba ya nuna ko bargo uku ne aka ajiye wa gado shida.

Abin da ya fi damuna shi ne gawayi. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare yana kusantar sifili, sai wasu su shigo da kaskon wuta cikin ɗaki su rufe taga. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari, mutum ya yi barci bai farka ba. Istirahar da ba ta da daffaya (na'urar ɗumama ɗaki) ta lantarki a kowane ɗaki, kada ku kama ta da hunturu. Idan wani ya fara ciwon kai da jiri, a buɗe ƙofofi, a fitar da shi waje, a kira motar asibiti ta 997.

Uwargida kuma ta sani cewa a wannan tsayin ruwa yana tafasa a wajen digiri 93. Shinkafar kabsa za ta buƙaci ƙarin ruwa da ƙarin lokaci, wake kuwa sai da tukunyar matsi. A yi cefane mai yawa a Ɗa'ifa, baƙalolin Shafa, wato shagunan kayan masarufi, ƙanana ne. 'Ya'yan itace dai kada ku taho da su daga gida: barshumi ('ya'yan kaktus masu ƙaya), ɓaure, inabi da rumman suna nan a bakin hanya da bazara, kuma daga Maris zuwa Afrilu gonakin wardi suna cikin tsinka. Kada a bar abinci a tsakar gida, birai suna tsallaka katanga, kuma yaro mai riƙe da leda shi suke fara bi.

Sai hanya. Daga Makka hanyar Hada ta fi kusa, amma akan rufe ta idan hazo ya yi kauri ko ruwa ya gangaro da duwatsu, sai a bi ta Sailul Kabir. Hazon yakan sauko da yamma, har ka kasa ganin motar gabanka, don haka ku isa kafin magariba. Wajen gangarowa a sa mota a ƙaramin giya. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa. Mai niyyar umra a dawowa zai ɗaura harami a Wadi Muhrim idan ta Hada ya biyo, ko a Ƙarnul Manazil idan ta Sail.